Jimlar Malam Babba da Lissafin Agogo

Ku da kuka kama aiki da mu a bana kuna mamakin yadda nake takura muku kafin in sa hannu a kan aikin ɗalibi, har na ji wasu na kirana Malam Ina-Hujja a bayan idona. Na ji, kuma ban ji haushi ba. Akwai wata Litinin a lokacin girbin shinkafa da har yau ba ta bar raina ba, ita ce ta mayar da ni haka, kuma gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ina ƙaramin malami a sashen lissafi a nan Birnin Kebbi, ban daɗe da tashi daga matsayin mataimaki ba. Aikin da aka ɗora mini shi ne in shigar da darasin aljabara na sashenmu cikin manhajar tantance hujja. Ga wanda bai sani ba, manhaja ce da kake rubuta mata hujjar lissafi daki-daki, ita kuma ta bi kowane layi. In layin ya biyo daga na bayansa, ta wuce. In bai biyo ba, ta ja jan layi ta tsaya, ko da kuwa shugaban jami'a ne ya rubuta. Mu alƙali muke ce mata. Ƙofa ɗaya kawai ta bari: kana iya ce mata, wannan jimlar ki karɓe ta haka nan ba hujja. Irin wannan jimla ita muke kira ginshiƙi, kuma an yi ƙofar ne don 'yan ƙa'idojin tushe da duk duniyar lissafi ta amince da su.

Darasin ya shafi abubuwa uku. Akwai zobe, wato duk wani tsarin lambobi da ake iya tarawa, a ɗebe, a ninka a cikinsa. Akwai folinomiyal, irin su 3x + 1 ko x² + 5x + 2, kuma kowane yana da mataki: na farko matakinsa ɗaya, na biyu matakinsa biyu. Sai aidiyal, wani rukuni a cikin zobe wanda duk abin da ka ninka da ɗan cikinsa, sakamakon cikin rukunin yake faɗawa, kamar yadda lamba mai rabuwa biyu take zama mai rabuwa biyu ko da me ka ninka ta.

Wanda ya rubuta darasin shi ne farfesanmu da ya yi ritaya ya koma gida Argungu, wanda kowa ke kira Malam Babba. Shi ya karantar da ni, ya karantar da shugaban sashenmu, ya karantar da wanda ya karantar da wasunku. Takardunsa an kwafe su an sake kwafewa har wasu haruffan sun dushe, amma ba mai taɓa ko ɗigo.

A babi na uku akwai wata jimla: a kowane zobe, in ka ninka folinomiyal biyu, matakin sakamakon shi ne matakin wannan a tara da na wancan. A ƙarƙashinta Malam ya rubuta da hannunsa, “Wannan a bayyane yake.” Na shigar da ita, alƙali ya ja jan layi. Mako biyu ina juya ta ta kowace fuska, jan layin bai gusa ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa jimlar ce ke da matsala ba. Ni na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba. Kuma kunya ta hana ni in je in ce wa Malam abin da ya kira bayyananne ya gagare ni. Sai na bi ta ƙofar nan, na mai da ita ginshiƙi, na ce zan dawo kanta in na samu sarari. Jan layi ya ɓace, na ci gaba da aikina, kuma ban dawo ba.

Wata takwas bayan haka, ɗalibarmu ta digiri na biyu, Sa'adatu, 'yar Augie, ta gama kundinta a kan aidiyal na folinomiyal. A kan fayil ɗina, wato darasin da na shigar a manhajar, ta yi gininta, ni kuma nake duba mata ɓangaren manhaja. Yarinya ce mai naci. In abu ya ƙi, ba ta tashi daga kujera sai masu shara sun kore ta. An sa ranar Alhamis za ta kare kundin. Wata kwaleji kuma ta yi mata alkawarin gurbin koyarwa, da sharaɗin ta kai shaidar kammalawa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba na bayanta. Ƙa'idar kare kundi ita ce a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a, a aika masa aikin tun da wuri, ranar kuma ya zauna da shugaban sashe da malamai su yi wa ɗalibi tambayoyi.

Ranar Litinin da hantsi shugaban sashe ya turo mini saƙon mai jarrabawar. Layi biyu ne: ya karanta, ya yaba, yana son a buga masa jerin duk ginshiƙan da aikin ya dogara a kansu. Manhajar na da umarni guda da ke fito da wannan jerin. Na danna. Waɗanda kowa ya sani suka fito, sai nawa a ƙarƙashinsu, da sunan da na raɗa masa da kaina: kamar_yadda_Malam_ya_ce.

Na ce wa kaina ai da sauƙi, kwana uku sun isa in kawo hujjar. Wannan karon, maimakon in fara da hujja, sai na ce bari in gwada misali. Na ɗauki lissafin agogo, wanda shi ma zobe ne: in ka kai goma sha biyu ka koma sifili. A can, uku sau huɗu sifili ne. Na ninka 3x + 1 da 4x + 1. Ya ba ni 12x² + 7x + 1, goma sha biyun ta zama sifili, ya rage 7x + 1. Mataki ɗaya. Jimlar Malam ta ce biyu.

Na sake yi a takarda sau uku. Sannan na juya ga kwamfuta na rubuta cewa ɗaya daidai yake da biyu, na kafa hujja da ginshiƙina da wannan misalin. Alƙali ya karɓa, ko jan ɗigo babu. Ku da kuke cikin sana'ar kun san ma'anar wannan: in ƙarya ɗaya ta shiga tushe, amincewar manhajar ba ta da sauran daraja. Babi na huɗu na Sa'adatu, wanda shi ne zuciyar kundin, kai tsaye a kan jimlar yake zaune.

Ba zan ɓoye muku abin da ya fara zuwa raina ba. Na yi tunanin in canza wa ginshiƙin suna, in sa masa wani dogon suna na fasaha, wataƙila mai jarrabawa ya wuce bai lura ba. Na fi rabin awa ina kallon allon da wannan tunanin. Sa'adatu ta leƙo ta gaishe ni, ta ce babanta zai taho daga Augie ranar Alhamis. Na ce Allah ya kawo shi lafiya, ban iya ɗaga kai na dube ta ba. Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Ba a gyara wa babba ta waya, don haka Talata da sassafe na shiga mota daga unguwar Nasarawa a nan cikin gari na nufi Argungu. Tafiyar ba ta da nisa, amma ni na ga tsawonta. Duk hanya ina shirya yadda zan fara, ina rushewa. A gida aka ce Malam yana fadama, ana yankan shinkafa. Na same shi zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, yana kallon masu aiki. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali da mutanen sashe ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini fura. Na riƙe ƙoƙon ban sha ba.

“Bello,” ya ce, “yau ranar aiki ta. Mi yak kawo ka?”

“Allah gafarta Malam, wani wuri na cikin babi na uku ban gane ba. Naz zo a ƙara mini haske.”

Haka muka saba. Ba ka ce wa malaminka ya yi kuskure. Kai ne kullum ba ka gane ba. Na miƙa masa takardar da misalin agogo. Ya sa tabarau, ya karɓi biro daga hannuna, ya ninka da kansa a gefen takardar. Ya sake gwadawa da biyu da shida. Ina jin ƙarar laujen masu yanka, ina jiran ya ce in tashi in ba shi wuri.

“Ka gane sarai,” ya ce daga ƙarshe. “Ni na ban rubuta daidai ba. Sai an sa sharaɗi: zoben da ba a ninka abu biyu su ba da sihili sai in ɗayansu sihili na. Lambobinmu na kullum nika tunani sadda nir rubuta.” Ya cire tabarau ya goge ido. “Shekara da shekaru ina karantar da wanga, ba wanda yat tsai da ni.”

Na fara jin sanyi a raina, sai ya juyo.

“To tsaya. Kun ce na'urarku ba ta ƙyale kowa. Ƙaƙa anka yi tay yarda?”

A nan ne na so ƙasa ta tsage. Na gaya masa komai: jan layin, mako biyun, ƙofar ginshiƙi, har sunan da na sa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Wato ta hwaɗa maka gaskiya tun wata takwas, kai kuma kar ruhe mata baki don kada in ji kunya. Bello, kunyar da kat tsare mini, wa za ya biya ta yanzu?”

Na ce Sa'adatu. Ya gyaɗa kai, ya ce in ba shi wayata. A gabana ya kira shugaban sashe ya ce kuskuren asali nasa ne, a rubuta haka a gaya wa mai jarrabawa, kuma kada a bari yarinyar ta tsaya gaban mutane da abin da zai rushe a hannunta. Nawa laifin, ya ce, ni zan faɗa mata da bakina.

Laraba da safe na kira ta ofis. Na nuna mata agogon, na nuna mata ɗaya da biyu a allo. Na gaya mata ni na shigar da jimlar ba hujja. Muka cire ginshiƙin tare, muka sa sharaɗin Malam, alƙali ya karɓi jimlar cikin 'yan layuka. Babi na ɗaya zuwa na uku suka tsaya da ƙafarsu. Na huɗu ya cika da ja daga sama har ƙasa, domin ita ta yi iƙirarinta ne a kan kowane zobe, kuma gyaransa aikin watanni ne. Aka ɗage ranar zuwa zama na gaba. Gurbin kwalejin aka ba wani.

Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma yi mini rashin kunya ba. Da ta tattara takardunta ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

“Malam, in tambaye ka? Da ni nik kawo maka jimlar ga, nic ce a bayyane take, da ka saka ta ba hujja?”

Na ce a'a. Da na mayar da ita ta sake zama, ko da za ta yi wata guda a kai.

“Shi ke nan,” ta ce, ta ja ƙofar a hankali.

Ta gama daga baya, da kundi mafi kyau fiye da na farko, amma shekara biyu ta yi tana koyarwa a wata makarantar kuɗi kafin wani gurbin ya buɗe. Har yau in mun haɗu tana durƙusawa ta gaishe ni, ni kuma ba na iya daɗewa a gaisuwar.

Abin da na koya game da wannan aikin shi ne, manhajar ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba, amma mu da muke zaune a gabanta mun sani, kuma ta hannunmu ƙarya ke shiga. Mu mutane ne masu girmama malamai, ba na kuma fatan mu daina. Sai dai duk lokacin da ka ɗaga wa na sama ƙafa a kan hujja, akwai wani na ƙasa da zai ɗauki nauyin, kuma galibi bai ma san an yi ba. Saboda haka in na rubuta muku abu na ce a bayyane yake, alƙali kuma ya ja jan layi, kada ku zo ku ce mini ba ku gane ba. Ku ce, Malam Bello, ka yi kuskure. Zan ji zafi, amma gara ni in ji shi da ɗalibin da ya yarda da mu.