Rigar da Ta Fi Kafaɗata

Ɗanmu na fari ya rasu yana da shekara uku, ƙyanda ce ta tafi da shi. Matata ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Ko yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Mutane suka yi ta yaba haƙurinta. Mutane ba su san komai ba.

Akwai rigar sanyi da ta saƙa masa da shuɗin ulu. Shekara na zagayowa sai na ga ta warware ta, ta sake ɗora zaren a kibiyar saƙa. In ta iso ƙirji sai ta cusa kibiya a maɗaukin zare ɗaya ta fitar da biyu, nan ɗaya, can ɗaya. Wai ƙari ke nan, kada riga ta matse.

"Ta matse wa?" na ce.

"Malam, in ka je Maigatari ran Alhamis ka ƙaro min ulu. Irin wannan shuɗin."

Haka kowace shekara. Allah bai sake ba mu haihuwa ba. Ni ban wuce aji huɗu ba, amma na san matacce ba ya girma, kuma na gaya mata, ba sau ɗaya ba. Wata rana na dawo daga acaɓa a gajiye, na fizge kibiyar, saƙar ta zube. Ta zauna tana tsince maɗaukan ɗaya bayan ɗaya kamar gero ya zube a ƙasa. Ulun dai ban fasa sayowa ba. Kada a tambaye ni dalili.

Shekarar da za ta rasu ta ce in juya mata baya. Ta auna kafaɗata da zare.

"Ya kamo ka," ta ce. "Bana sai na ƙara."

Bayan arba'in ƙanwata ta zo fitar da kayanta, ta ɗaga rigar. "Yaya, a ba da wannan sadaka, ladan ya kai mata."

Na karɓe. Da ta tafi na saka. Kafaɗun suka sauko min har damtse, hannun ya rufe yatsuna. Ga ni tsaye cikin rigar ƙaton da ya fi ni faɗi, wanda ni na kai shi makabarta a hannu biyu. Na kira sunansa sau ɗaya, tunda ita ba ta samu ta kira ba.

Rigar tana rataye a ƙusa. Ban ba kowa ba.