Daƙiƙa Talatin na Loretta

Kazimir Banashak bai taɓa son shirin ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Katifa yake sayarwa a garin Toledo na Amurka tun yana saurayi, ba ruwansa da tatsuniyar taurari. Amma a 1979 gidan talabijin na garin ya ba shi gurbin talla a cikin wani shiri na musamman, wai shi Ranar Godiya a Duniyar Kelmar. Awa biyu cur wasu halittu masu gashi har idon sawu suna gurnani a cikin kumbon sararin samaniya, ba mai fassarawa, sai wani mutum-mutumi da ke koya musu yadda ake gasa talo-talo. Sau ɗaya aka nuna. Masu shirin suka ji kunya suka kulle abinsu, gidan talabijin kuma ya goge kaset ɗin talla ya ɗora wasan ƙwallo a kai.

A tsakiyar wannan shirme matarsa Loretta take fitowa, daƙiƙa talatin. Tana zaune a kan katifa tana faɗin adireshin shago, sai dariya ta ƙwace mata, don Kazimir na bayan kyamara yana ta kaɗa hannu kamar ɗan sandan hanya. Bayan shekara shida ta rasu. Hotunanta suna nan, amma muryarta ba ta ko'ina sai a wannan wuri.

Wani ya naɗi shirin a gidansa har da tallan, kaset ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Daga baya wata ƙaramar silima ta mai da shi al'ada: duk Asabar ta bayan bikin Ranar Godiya na Amurkawa, da rana, matasa su cika zaure suna ihu suna jifan allo da gugguru. Shekara ashirin da biyu Kazimir yana zama a layin baya. Ya haɗiye gurnanin, ya haɗiye masu kwaikwayon muryar matarsa suna ce mata Gwaggo Katifa, don dai minti na hamsin da biyu ya zo.

Bana mintin ya zo ya wuce. Daga kicin ɗin kumbo aka zarce wajen rawa, ba Loretta. Ya zauna har aka kunna fitila, ko an mayar da ita ƙarshe. Sannan ya tare Trent, manajan silimar, a bakin ƙofa.

"Kai, ɗan nan, ina matata?"

"Wace ce, Baba? Ko ta shiga banɗaki?"

"Mai katifa."

Trent ya fashe da dariya, ya ga fuskar tsohon, ya haɗiye sauran. "Au... Ai mun cire talla, Baba. Wannan tsaftataccen kwafi ne, ba ka gani ba? Kowane silin gashi ya fito tar."

"Gashi! Kun zauna kun wanke gashin biri, kun zubar da mutum. A duk awa biyun nan ita kaɗai ce ba ƙarya take yi ba. Ina tsohon kaset ɗin?"

"Jiya muka kwashe tarkacen ofis. Yana tankin shara, can baya."

Kazimir ya cire kot da hula ya miƙa masa. Shekararsa saba'in da takwas, ga ƙanƙara a ƙasa.

"Baba, wallahi za ka karye!"

"Riƙe hular, sarkin tsafta."

Ya haura tankin, ya sami kaset ɗin a ƙarƙashin kofunan lemo, murfin ya tsage amma zaren bai tsinke ba. Ya goge shi da hannun riga. Trent ya ce na'urar da ke cin irinsa tana sito, bai ma san ko tana tashi ba. Kazimir ya ce to yau za a sani.

Ta tashi da kyar, hoton na rawa. Trent ya tura shi gaba da sauri har katifa ta bayyana, ya jawo kujera zai zauna.

Kazimir bai ɗauke ido daga allon ba. "Fita, ka ja ƙofa."