Ranar da Baba ya miƙa wa Yaya Sale askarsa

Shat, shat, shat. Ƙarar aska ke nan a kan fatar wasawa, tana fitowa daga zaurenmu a Jibiya bayan sallar asuba. Bana shekara talatin da biyar da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, amma ko wuƙa na ji ana wasawa a tsakar gida sai gabana ya faɗi.

Baba wanzami ne, gado ya yi. Ran kasuwa har mutanen ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran tsallaken iyaka kafin mulkin kai, sukan biyo layi a ƙarƙashin bishiyar bedinsa, wato dogonyaro. Yanzu jikokina shago suke zuwa a yi musu da inji, wanzaman da ke askin suna kuma kowa da sabuwar rezarsa a takarda, saboda cututtukan zamani. Ina jin Baba zai yarda da tsabtar. Abin da ba zai gane ba shi ne ƙarfen da za a yi aiki da shi sau ɗaya a jefar.

Na zo gida haihuwar fari a shekarar da hannunsa ya fara rawa. Ya ɓoye, muka yi kamar ba mu gani ba, har ranar da ya kasa kai ludayi baki. Ga jariri namiji, ga suna saura kwanaki. Kiran wani wanzami ya yi aski a gidan wanzami daidai yake da shelar cewa Baba ya ƙare. Sai ya aika Maraɗi aka kira yayana Sale, wanda ya guje wa sana'ar ya bi motar gyaɗa. Hannun Sale duk kanta, igiyar ɗaure kaya ya sani.

Ina ɗaki ina jin su. Baba bai fara koya masa aski ba, wasa aska ya sa shi. A ɗiga ruwa a dutse, a kwantar da ita, kada a tsayar. A koma kan fata, a ja ta baya-baya don kada baki ya ci fatar. In an gama a share ta ƙarƙaf, a shafa man gyaɗa kafin ta shiga zabira, don tsatsa. Baba ba ya ma dubawa, kunne yake kasawa.

"Sake. Kana danna ta."

"Baba, ai ta yi kaifi. Dubi yadda ta ɗauke gashin hannuna."

"Hannunka na jaki? Kan ɗan ƙanwarka Hajara za ka hau da ita. In ta dakushe dole ka danna, in ka danna ka yanka. Sake."

Daga nan aka kawo masa ɗanyen duma mai gashi-gashi ya riƙa askewa. Da na fita alwala na ga duman farko a bayan rumbu, duk ya sha yanka. Na koma na zauna ina kallon maɗigar ɗana tana bugawa a hankali. Fata ce kawai a wurin, ba ƙashi. Na kasa cin tuwo. Na kuma kasa buɗe baki in ce wa mahaifina ina tsoro. Sai addu'a.

Ran suna da hantsi gwaggo ta karɓi jaririn daga hannuna ta fita da shi. Na ji Baba ya ce, "Yi bisimilla. Ja fatar da yatsa. Kak ka yi sauri, ba mota ba ce." Daga nan tsit. Na toshe kunnuwana da mayafi ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina jiran ihun da zai ratsa mayafin.

Baba bai ƙara riƙe aska ba har ya koma ga Allah. Yaya Sale kuwa bai koma mota ba, ya zauna a ƙarƙashin bedin nan har tsufa. Askar ta siɗe don wasawa, ta zama kamar tsinke. Abin da ya rage mini na Baba shi ne yadda ya ɗauki kan mutum amana, har ya yarda ya saki abin da aka san shi da shi a gaban jama'a.

A ran sunan nan, ban san tsawon lokacin da na yi a ƙudundune ba. Sai na ji ana jan mayafina. Ƙanwata Ladi ce, 'yar shekara biyar, tana haki.

"Yaya, buɗe kunnenki, an gama. Jaririn barcinshi ma yake yi. Baba ne ke kuka."