Mai Fiton da Ba Ya Riƙe Fuska

Duk wanda ya san kasuwar kan ruwa ta kogin Martapura ya san Goggo Hairiah, in bai san ta da suna ba ya san ta da murya. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa kwale-kwalenta tana tallar wainar shinkafa da kwakwa, kuma ba a taɓa jin ta kauce wa wani jirgi ba, komai girman injinsa. Gwiwa ce ta sauke ta daga ruwa. Ta dawo tana suya a ƙofar gidanta na katako, tana faɗa da kaji da masu babur.

Abin da mijinta marigayi Jumberi ya bar mata bai wuce tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ba, amma ta fi son ta a kan gidan. Lokacin da wani kamfanin kwakwar manja ya fara auna ƙasa a ƙauyensu na asali, Tatah Binjai, Jumberi ya bi gida gida yana ɗaukar tsofaffi a bidiyo. Mutum talatin da takwas, kowa na nuna inda gonarsa ta tsaya da wanda ke kwance a wane kabari. Har da mahaifiyar Hairiah, Inna Masnah, baki ba haƙori, tana dogara sanda tana lissafo kaburbura tara da sunayensu. Goma sha ɗaya daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya, har da Innar. Shari'ar gonakin tsakanin ƙauyen da kamfanin kuwa sai bayan Babbar Salla za a fara saurare.

Sau uku Hairiah tana sa bidiyon a shafukan zumunta, sau uku ana sauke su. Ran wata Litinin sai ga takarda daga lauyan kamfanin: ranar Juma'a bayan masallaci za su zo ta goge komai a gabansu, in ta ƙi a maka ta kotu kan ɓata suna.

Ƙanenta Syahrani ne ya karanta mata. Shi mai gadi ne a ƙofar wannan kamfani, 'ya'yansa huɗu.

"Yaya, ki goge kawai," in ji shi. "Kifi ba ya gaba da ruwa."

"Kai ne kifin, da kakinka mai kama da buhun taki. Ni a bisa ruwan nake tafiya."

"To ki tura wa mutane mana."

"Wa zai karɓa? Rabin ƙauyen a gonarsu suke ƙwadago. Kai da kanka ka karɓa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Washegari ta kashe murhu da wuri ta tafi shagon Rusmini, mai gyaran waya a bakin gada, wadda suka yi makarantar allo da ƙanwar Hairiah. Rusmini ta saurare ta tana ƙwaƙule cikin wata waya da ɗan tsinke.

"Akwai hanya, Yaya. Ba a ajiye abin a gida ɗaya, balle a rufe gidan. Wayarki za ta yanyanka shi ƙanana, wannan ya ɗauki yanki, wancan ya ɗauki yanki, suna miƙa wa juna har kowa ya haɗa nasa. Wanda ya haɗa duka shi ake kira mai iri. Muddin akwai mai iri ko ɗaya, abin bai mutu ba."

"Wannan ai irin shinkafa ne. Ki ce min haka tun farko."

"Amma da ƙura. Duk wanda ya shiga cikin masu rabon yana ganin lambar layin sauran. Kamfanin ma zai iya shigowa kamar mai karɓa, ya kwashe lambobin, ya bi diddigi."

"To kin ga kin ba ni maciji a kwando."

"Shi ya sa ake sa VPN. Kamar mai fito ne. Ba ki haye da jirginki ba, shi zai haye da ke, na can tsallake jirginsa kawai za su gani."

Hairiah ta gyara zama. Ta san masu fito. Ta san wanda in ya haye da mace da hantsi, kafin azahar mijinta ya ji inda ta je.

"Shi mai fiton," ta ce, "yana da baki?"

Rusmini ta ajiye tsinken ta yi dariya. "Yawancinsu."

Suna cikin haka Syahrani ya iso da babur, ashe biyo ta ya yi. Da ya ji zancen sai ya zaro wayarsa yana murna ya samu abin taimako. Ai shi ma yana da VPN, kyauta ce, duk abokan aikinsa ita suke kallon ƙwallo da ita.

"Kyauta," in ji Hairiah. "Wanda ya haye da kai bai karɓi ko rufiya ɗaya ba, da me yake sayen mai? Rusmini, karanta min abin da ya ce a kansa."

"Yaya, ba a karanta wannan. Dannawa ake yi a wuce."

"Haka tsofaffinmu suka dangwala wa kamfani yatsa. Karanta."

Rusmini ta karanta, tana fassarawa. A shafi na shida manhajar ta ce tana ajiye lambar mutum da lokacin shigarsa, kuma tana iya ba wa abokan hulɗarta.

"Ka ji mai fitonka," ta ce wa ƙanenta. "Da bakinsa."

Ranar nan Rusmini ba ta gyara waya ko ɗaya ba. Hairiah ta zauna kan benci ta miƙe ƙafar da ke ciwo, aka riƙa kawo mata manhajojin VPN ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman aure. Wani ya rantse ba ya rubuta komai, ta ce wa ya shaida? Aka duba, babu wanda ya taɓa bincikarsa, ta ce a wuce, ɓarawo ma yana rantsuwa. Wani an bincike shi, amma ya hana rabon fayil a layinsa. Wani kuma sai ka ba shi suna da adireshi kafin ya ɗauke ka.

"Mai fiton da ke tambayar sunan ubana, aure zai ɗaura min?"

Can ta yi wata tambayar da Rusmini ba ta zata ba. "In jirginsa ya mutu a tsakiyar ruwa fa? Zai bar ni a fili kowa na kallo?"

"Akwai masu makulli. Da ya yanke, sai ya datse intanet ɗin gaba ɗaya, ba abin da zai fita."

"Gwada min na gani."

Sai da la'asar suka tsaya a kan guda. Ba ya neman suna, lamba kawai yake bayarwa, ana biyansa da kati irin na shago. Masu bincike na waje sun shiga rumbunsa ba su sami sawun kowa ba. Rusmini ta kunna shi, ta yanke shi da gangan, nan take wayar ta kurmance. Hairiah ta sa aka maimaita sau uku.

Syahrani, da ya gaji da tsayuwa, ya ce, "Duk wannan wahala ta mece ce, Yaya? Sun san ke ce. Sunanki ne a takardar."

"Ni nake ɓuya? Ni da ko a kasuwa ake ji na daga wancan ƙetaren? Ba don kaina nake zaɓe ba, sakarai. Zan je in ce wa mutum karɓi, ba abin da zai sami abincin 'ya'yanka. In na faɗa, so nake ya zama gaskiya."

Laraba da Alhamis ta hau motar haya zuwa Tatah Binjai da kwandon waina, a ƙarƙashin ganyen ayaba akwai 'yan takardu da Rusmini ta rubuta yadda ake yi. Ta shiga gida goma sha tara. Ba ta roƙi kowa ba, kuma ta hana kowa ya gaya mata ko zai yi. Wata ta fara cewa, "Goggo, ni dai zan..." ta toshe mata baki da waina.

"Kar ki faɗa min. Abin da ban sani ba, ko an matse ni ba zai fito ba."

Rusmini ta riga ta sa bidiyon a rabo, wayar tana gida a jone da wuta, tana jira. Ran Laraba ba wanda ya taɓa. Ran Alhamis da ta dawo ta ga mutum biyu suna ja a hankali, ɗaya ya kai rabi ya ɓace. Ta zauna ta zuba wa allon ido. Wataƙila tsoro ya fi ƙarfin wainarta. Ta kama wanke tukwanen da ta riga ta wanke.

Safiyar Juma'a lambar masu iri ta nuna ɗaya, wato ita kaɗai. Da hantsi ta koma biyu. Hairiah ta bar mai yana ƙonewa a kasko ta tsaya a kan wayar. Lokacin da aka yi kiran salla, shida ne.

Lauyan ya zo da mota fara, saurayi ne mai ladabi da takalmi mai sheƙi, da wani ma'aikacin kamfanin. Syahrani ne aka sa ya rako su don ya san gidan, ya tsaya a bakin matakala ya ƙi haɗa ido da kowa. Hairiah ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo shayi. Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta kalli Innarta tukuna. Lauyan ya duba agogo ya ce to. Muryar Inna Masnah ta cika ɗakin, tana kiran matattu tara ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, Hairiah ta goge su duka da yatsanta, talatin da takwas, ta miƙa masa wayar ya duba.

"Babu wani kwafi, Hajiya?"

"Ban je Makka ba tukuna, ɗana. A gidan nan babu."

"A wani wuri fa?"

"Akwai."

Ya ɗago kai. "A wajen wa?"

"Ban sani ba. Ka kawo Alƙur'ani in dafa."

Ma'aikacin ya ce za su gano, akwai hanyoyi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ƙara masa shayi.

Da suka fita, Syahrani ya dawo wai ya manta hularsa, alhali tana kansa. Ya tsaya yana shafa aljihun kakinsa inda waya ta yi tudu.

"Yaya, wannan abin na Rusmini yana cin batir kamar..."

"Rufe min baki," in ji Hairiah. "Tafi, suna jiran ka."