Katin Zaɓen Matan Gidana

Ni dai a aji huɗu na yi sallama da firamare, amma a jam'iyyarmu dattijo mai ilimi ake ce mini, don ina karanta fosta ba tare da an riƙe mini yatsa ba. Sai dai darajata ba a karatun take ba, tana cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Katin zaɓe bakwai ne a ciki: nawa, na Hajiya mai ɗakina, na matan 'ya'yana uku, na ƙanwata da na 'yarta. Haka muke yi a Birnin Gwari, maigida ke ajiye katin mata tare da takardar gona. Ranar zaɓe ya raba, ya faɗi inda za a dangwala.

Ƙanwar tawa daga wani ƙauyen Randagi ta dawo hannuna, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gona. Damina uku ba ta taka gonar ba.

Ana gab da zaɓe sai ga ciyaman na mazaɓa a zaurena.

"Baba, taki ya iso. Kowane gida zai kawo katunansa mu adana, kada su ɓace. Wanda bai kawo ba, ba shi a rabo. Kujerarka ta dattawan jam'iyya kuma akwai masu sonta."

Na shiga ciki da takun manya, na buɗe akwati. Kati ɗaya na tarar, nawa, da hotona yana hararata.

Hajiya na tsakar gida tana tsince wake.

"Hajiya, an yi mana sata."

"Ba sata ba ce, Malam. Masu kaya ne suka ɗauki kayansu."

"Da izinin wa?"

"Ba kai ne mai ilimin ba? Ka taɓa ganin sunanka a jikin nawa?"

Sai ƙanwata ta ɗago murya daga madafa, yadda za a ji har zaure.

"Yaya, tambayar mini shi, takin a wace gona zan zuba? Zai raka ni ne?"

Gaskiya da na daka tsawa da an miƙo mini katunan, ko da da kuka ne. Na buɗe baki, sai na ga ban san tsawar da zan yi wa matar da ta binne mijinta ba, jam'iyyar da nake yi wa kirari kuwa ko ta'aziyya ba ta aiko ba. Mu dai ƙirga mata muke yi kamar buhunan masara, ba mu taɓa tambayarsu me ke damunsu ba.

Na koma zaure na gyara zaman hula.

"Ciyaman, katunan suna hannun masu su."

"Ashe gidanka ya fi ƙarfinka, Baba?"

"Ya fi. Nawa ma ga shi a aljihu, nan zai zauna."

Takin ya wuce ni, kujerar ma aka bai wa wani wanda ko harafin farko na sunansa bai sani ba. Masarata ta fito gajera a shekarar, kamar tana jin kunyar mutane.

Ranar zaɓe ina layin maza na hango matan gidana su shida, kowace da katinta a ƙulle a bakin mayafi, ƙanwata ce a gaba. Abokai na ta yi mini tsiya, ni kuwa sai nuna su nake ina cewa nawa ne.

Har yau ban san wa suka zaɓa ba. Sau ɗaya na tambaya, Hajiya ta ce in ci tuwona kafin ya huce.