Ɗakin Gilas Da Ya Kusa Cinye Mini Ƙoda

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa Ɗanladi ya yi kuɗi ya daina gaisuwa, ku sassauta. Tun bazara ba ku ji ɗuriyata ba saboda ina kwance ne. Sai yau na iya riƙe waya.

Abin ya faro ne daga gidan Sabi'u, taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tare muke dillancin shinkafa a Kura, ni ne ma na koya masa yadda ake murza shanshera a tafin hannu a gane ta bushe. Sai ga shi ya gina gida a hanyar Bunkure, har da esi a falo. Ina shiga sanyi ya dake ni, ya dube ni ya ce, "Ɗanladi, a kawo maka bargo ne?"

Na yi dariya, amma maganar ta biyo ni har gida.

Da kaka ta yi kyau, na rushe ɗakin ƙasar da babanmu ya bari, na tayar da na bulo. Kwano a sama, silin na ce sai baɗi. Manyan tagogin gilas suna kallon yamma, wajen titi, don mai wucewa ya gani. Darbejiyar ƙofar gida tana tare ginin, na sa aka sare ta. Na sayo esi na hannu daga Kano.

Matata Hajara ta ce, "Malam, inuwar fa?"

Na ce mata yanzu inuwa a bango take, da rimot ake kunna ta.

Bazara ta shigo. Wuta sai ta ga dama take zuwa, in ta zo kuma mita ta zuƙe katin kamar injin ban-ruwa yana shan fetur. Na gaji da saye, na daina kunnawa.

To amma mai esi ba ya buɗe taga. A unguwarmu duk wanda ya ga tagarka a buɗe ya gama sanin labari, kuma kafin la'asar ya kai kunnen Sabi'u. Don haka in na dawo daga kasuwa da rana sai in shige, in rufe ko'ina, in kwanta ina dahuwa. Hajara da yara suna tsakar gida a ƙarƙashin rumfa, ni ina ciki ina riƙe mutunci.

Ciwon kai ya fara, sai jiri. Fitsari ya ragu, ya koma kalar baƙin shayi. Na dinga shan maganin ciwon jiki daga kemis.

Daga baya zufa ta ɗauke. Na ji daɗi, na ce jiki ya saba.

Wata rana bayan azahar Hajara ta jiyo ni ina cinikin buhu ni kaɗai, ina rantsuwa ga mai sayen da babu shi. Ta ce jikina kamar tukunyar turara shinkafa. Ta kwara mini ruwan randa, ta kira mai mota mafi kusa.

Kun san ko waye: Sabi'u.

Daga asibitin yankinmu aka tura mu Kano. Ƙarin ruwa leda bayan leda, roba a jiki, nas tana zuwa tana auna fitsarina kamar mai awon man gyaɗa. Kullum da safe a ɗebi jini. Likita ya ce, "Zafi ya bugi jikinka, ga rashin ruwa, ga ƙwayoyin da kake sha. Ƙodarka ta wahala. In gwajin bai sauko ba, sai wanki."

Na ga masu jiran layin wankin ƙoda a baranda. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Kuɗin gado da gwaji da magani suka cinye buhunan da na ajiye, esin ma aka ciro aka sayar.

Sabi'u yana zuwa kullum da kular abinci, fatarsa luwai-luwai, shaddarsa ko lanƙwasa babu. Ya ce, "Mai gidan gilas, an dahu ko a ƙara itace?"

Ina kwance da roba a jiki, amma wallahi fatar nan nake kallo.

Allah ya taimaka gwajin ya fara sauka, fitsari ya dawo. Ba a kai ga wanki ba. Likita ya ce kada in koma ɗakin nan sai damina, Sabi'u ya ce gidansa zan yi jinya.

A can na gama ganin abin. Silin mai kauri, kwano an shafa masa farin fenti, zana a jikin bangon yamma, mangwaro na rufe rabin gidan, ƙananan tagogi suna kallon juna iska na ratsawa. Esi kuwa an lulluɓe shi da zani.

Na ce, "Kai, wannan fa?"

Ya ce, "Wa zai iya da kuɗin kati? Ai sai na hango mashin ɗinka nake kunnawa."

Haushin da na ji ranar ya fi na farko.

Shawarata: kada ku sare bishiya don a ga gini. Ku sa silin kafin ku sa gilas, ku tare rana ta yamma da zana ko rumfa. Ku buɗe taga, masu magana ba su za su kwanta muku a gado ba. In zufa ta ɗauke cikin zafi, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, asibiti za a nufa, ba kemis ba. Ku sha ruwa tun kafin ƙishi.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da 'yan kasuwa da suka yi ta sintiri, da Hajara da ba ta taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba, duk da na ga maganar a bakinta.

Sabi'u, kai ka ɗauke ni, kai ka ciyar da ni, Allah ya saka da alheri. Jiya na ji ka sa sola. Na daɗe ina kallon wayar nan kafin in iya rubutawa, amma ga shi: Allah ya sanya albarka.