Ramin Inna-lillahi

Duk wanda wayarsa ta gagari masu gyara a Tudun Wada, ƙarshenta ce masa ake yi, "Kai wa Ɗan Modibbo." Shagon ɗan ƙarami ne mai koriyar ƙofa, tsakanin mai shayi da wani tela. A ciki za ka tarar da Mahmudu ya sunkuya kan madubin ƙara girma, ƙarfen liƙa dalma a hannun dama, ɗan hantsaki a hagu, yana ɗora abin da bai kai ƙwayar gero ba a mazauninsa. Ya haura arba'in yanzu, furfura ta fara leƙowa a gemu. Da hannun nan ya yi aure, da shi ya yi ɗan gininsa a Tudun Jukun, da shi yake ciyar da yara.

Hannun gado ne. Mahaifinsa Modibbo marubucin Alƙur'ani ne, har daga Kano ake zuwa neman rubutunsa. Duk 'ya'yan gidan sun riƙe alƙalami, kuma tsohon da bakinsa ya ce Mahmudu ne ya ɗauko hannunsa. Sai dai yaron ya kai hannun wani wuri daban: gidan gem na Sabo, inda yara ke wasan talabijin, a bayan kasuwa.

Waɗanda suka taso a unguwar a lokacin sun san ɗakin nan. Talabijin mai ƙatuwar ƙeya a kan durom, dogon benci, zafi kamar gidan burodi, da kaset ɗin da sai an hura masa iska kafin ya yarda ya tashi. Gem ɗin da ya fi jan yara ba wanda ya iya karanta sunansa, sai suka raɗa masa Ɗan Fitila. Wani guntun mutum ne riƙe da fitila, yana gudu a cikin kogo, yana tsallake ramuka, yana jifan jemagu da dutse, ruwa kuma yana tasowa daga ƙasa yana binsa. In ruwan ya matso sai kiɗan ya yi ƙasa, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Can kusa da ƙarshe akwai wani wawakeken rami. Sai ka yi tsalle, kana cikin iska ka ɗan ja baya da babban yatsan hagu, ka dira kan wani siririn dutse. Duk wanda ya iso nan abu ɗaya ke fita daga bakinsa, shi ya sa aka sa masa Ramin Inna-lillahi.

Dokar Sabo ɗaya ce: wanda ya faɗa ya miƙa madanni ga na kusa da shi. Ba gardama, ba "bari in sake". Mahmudu kuwa ba ya faɗawa. Yara su cika benci suna haɗiyar yawu har a kira Magariba, shi yana can yana ta tsalle.

Na kusa da shi a bencin kullum Sadiq ne. Yanzu malamin firamare ne, ya yi tumbi, bakinsa dai yana nan yadda yake. Farkon daminar bana ya shigo shagon da kwamfuta a hammata, ya buɗe ta a kan teburin aiki.

"Ɗan Modibbo, ture tarkacen nan. Na zo maka da baƙo."

"Malam Sadiq, aiki nake yi."

"Aikin me? Saurara dai."

Ya danna wani abu. Kiɗan ya tashi. Mahmudu ya ajiye hantsaki bai san ya ajiye ba.

"Ina ka samo shi?"

"Yanzu duk tsofaffin kaset-kaset ɗin nan an zuba su a kwamfuta, har da waɗanda Sabo bai taɓa gani ba. Ƙuruciyata kaf a benci ta ƙare ina jiran ka faɗa. To bismilla, mu gani ko tsufa ya taimake ni."

Yatsun Mahmudu ba su manta ba. Inda jemage zai ɓullo, inda ƙasa za ta zabtare, duk suna nan a ajiye kamar karatun allo. Ya yi ta wucewa har ruwa ya matso, kiɗa ya yi ƙasa, ga ramin. Ya yi tsalle. Ɗan Fitila ya wuce siririn dutsen, ya yi ƙasa, fitilar ta mutu.

Sadiq ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Mai shayi! Tela! Ku zo ku shaida, kada gobe a ce na yi ƙarya!"

"Kibod ɗin kwamfutar ne," in ji Mahmudu. "Wa ya taɓa tsallake ramin nan da kibod?"

Washegari Sadiq ya zo da sabon madanni mai igiya. Mahmudu ya sake faɗawa, a wuri ɗaya.

"Kwamfutocin yanzu jinkiri gare su," ya ce. "Ka danna, sai ta tsaya shawara kafin ta bi. Na Sabo kuwa kafin ka gama tunani ya yi."

Akwai gaskiya a maganar, kowa ya san haka, shi ya sa ta zauna. Sadiq ya nuna masa wani maɓalli da ke mai da wasan baya: in ka faɗa ka riƙe shi, sai ka koma bakin ramin kamar ba a yi komai ba.

"Wannan ai maguɗi ne. Da Sabo yana raye da ya kore ka da tsintsiya."

"To na bar maka kwamfutar, ku sasanta."

Tsakanin Azahar da La'asar layin kan yi shiru. Nan Mahmudu ya riƙa tura ƙofa rabi, ya kunna. Ya faɗa, ya riƙe maɓallin maguɗin, ya kalli ɗan mutumin yana fitowa daga ramin da baya kamar gugan da ake ja daga rijiya. Ya sake tsalle, ya sake faɗawa. Ba ya makara a tsallen. Jan bayan ne, na babban yatsan hagu, yake zuwa bayan an gama.

Wata rana ya gaji, ya ajiye madannin, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Sai ya ga yatsan yana aiki shi kaɗai. Yana goga kansa a jikin manuniya, a hankali, kamar mai jan carbi, alhali babu carbi. Ya damƙe hannun, abin ya tsaya. Ya saki, ya jira. Ya dawo.

Ya san inda ya taɓa ganin wannan.

A ƙarshen rayuwar Modibbo, abin da ya fara cewa shi ne tawadar yanzu ruwa ce. Daga baya ya ce takarda ce ke sha. Sannan ya ce wanda ke feƙe masa alƙalami ya lalace. Daga nan hannunsa na dama ya shige cikin babbar riga, bai ƙara fitowa gaban baƙi ba. Gidan kuwa kowa ya gane, kowa ya yi shiru, don ba a ce wa malami hannunsa na rawa. In baƙo ya tambayi rubutu sai a ce ana jiran takarda mai kyau daga Kano. Lokacin da aka kai shi asibiti ko kofi ba ya iya kaiwa baki. Likitan ya dube su ya ce, "Ina kuka shiga tuntuni? Ba a warkewa, amma akwai maganin da ke lafar da shi. Da ya ƙara shekaru yana rubutunsa."

Mahmudu ya tura hannun cikin aljihu.

A makon ne yayarsa Zinatu ta kawo wayarta. Ita ce babbarsu, ita ta yi jinyar Modibbo har ƙarshe. Bakin caji ne ya lalace, aikin da Mahmudu kan gama kafin shayi ya huce. Bayan ta tafi ya buɗe wayar, ya ɗauki hantsaki da hagu, ya leƙa madubi. A ƙarƙashin madubin bakin hantsakin yana kaɗawa kamar reshe a iska. Ya rufe wayar ya sa a durowa.

Da ta dawo karɓa ya ce, "Yaya, a ƙara haƙuri. Dalmar da ake kawowa yanzu ba ta da kyau, ba ta kamawa."

"Dalma," in ji Zinatu.

"Ina jiran mai kyau daga Kano."

Ta dai dubi aljihunsa na hagu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta gyara hijabi ta fita.

Shi kuwa Sadiq maganar jinkirin kwamfuta ta tsaya masa a rai. Ya bi masu tsofaffin kaya har ya samo ainihin injin irin na Sabo a wurin wani Zulkiflu a Kwangila, da kaset ɗinsa, da tsohuwar talabijin mai ƙeya. Ya aika wa duk 'yan bencin da ke raye: ranar Asabar bayan La'asar, shagon Ɗan Modibbo.

A ranar, hadari ya haɗu ta gabas tun rana, bai zubo ba, bai watse ba. Iska ta tsaya cak. Magidanta suka cika shagon har waje, wani da hular aiki, wani da makullin mota a yatsa. Kaset ya ƙi tashi, kowa ya ce a ba shi.

"Ba haka ake hurawa ba, kai da yawu kake haɗawa!"

"Kai da ko ramin farko ba ka taɓa wucewa ba?"

"Ku ba Malam Sadiq, shi ke da iskar tumbi."

Aka hura, aka buga a cinya, aka tura. Allon ya yi ƙyafta, kiɗan ya tashi, sai ihu.

Sadiq ya miƙa wa Mahmudu madannin da hannu biyu kamar mai ba da kyauta. "Ranka ya daɗe, yau ba kibod, ba jinkiri, ba komawa baya. Dokar Sabo. Ni ne na kusa da kai."

Mahmudu ya fito da hannun daga aljihu ya kama da sauri. In yana riƙe da abu rawar kan lafa, wannan ya sani. Ya fara. Injin kuwa yana bin yatsa kamar da, ba shawara. Jemagu suka yi ta zuba. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Wataƙila dai kwamfutar ce. Wataƙila gajiya ce, ko yawan shayi.

Bai ga shigowar Zinatu ba, sai muryar tela ya ji yana cewa, "A ba Hajiya hanya." Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta tare ɗan hasken da ya rage.

Ruwa ya matso. Kiɗan ya yi ƙasa, dum, dum. Shagon ya yi tsit, har ana jin cokalin mai shayi a waje. Ga ramin.

Ya yi tsalle, daidai gaɓa, yadda ya saba. Ya ce wa yatsan ja baya. Yatsan ya ji, amma sai da Ɗan Fitila ya wuce dutsen sannan ya motsa.

"Inna lillahi!" Gaba ɗaya suka faɗa, suna dariya, suna tafawa. Sadiq ya miƙo tafin hannu. "Miƙo! Miƙo, bawan Allah! Yau Allah ya karɓi addu'ar maraya!"

Mahmudu bai miƙa ba. Ya sauke madannin kan tebur, hannun hagu yana kai. Sai wani ɗan sauti ya fara, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Robar madannin ce ke bugun katako. Ya ƙara danna hannun, sautin ya ƙara fitowa. Dariyar ta riƙa mutuwa daga na kusa zuwa na nesa.

Ya fizge hannun ya cusa a aljihu.

Sadiq ya yi gyaran murya. Wannan karon muryarsa ba ta tsokana ba ce. "Madannin nan ya tsufa. Robar ciki ta mutu, tun a Kwangila na lura."

"Ƙwarai," in ji wani. "Kayan ajiya ne."

"Ga wutar ma ba ta da ƙarfi yau."

Suka yi ta miƙo masa uzuri ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ba mai kallon aljihun. Mahmudu ya ji daɗin abin har cikin ƙashinsa. Abin da zai yi kawai ya gyaɗa kai, a tashi, gobe ya buɗe shago. Shekara ɗaya, wataƙila biyu, yana zagin dalma.

"Mahmudu." Zinatu ce. "Fito da hannun."

"Yaya, a gaban mutane?"

"Baba ma a gaban mutane ya ɓoye nasa. Tawada, takarda, alƙalami, duk na ji su. Ba zan zauna in saurari dalma ba. Fito da shi."

Aka yi tsawa can nesa. Mahmudu ya dubi Sadiq, Sadiq ya sunkuyar da kai.

A hankali ya zaro hannun ya shimfiɗa a kan teburin, tsakanin hantsaki da madubi. Yatsan ya ɗan yi jim, sannan ya kama jan carbinsa, kowa yana gani. Wani ya yi salati a ƙasan maƙoshi.

Da hannun dama Mahmudu ya tura madannin gaban Sadiq. "Karɓi. Na faɗa." Ya jawo durowa ya ɗauko wayar Zinatu. "Yaya, kai wa Adnan mai gyara na ƙarshen layi, ki ce ni na turo ki. Dalmar lafiyarta ƙalau."

Ta karɓa ta sa a jaka. "Litinin da safe za mu asibiti."

"Ni zan kai shi," in ji Sadiq. "In ya ƙi hawa babur in ɗaure shi da igiyar madannin nan."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi, mai shayi ya fara janye bencinsa. Sadiq yana riƙe da madannin da ya yi ƙuruciyarsa yana jira, bai danna komai ba. A allon Ɗan Fitila ya dawo da sabon rai, yana tsaye a bakin kogo da fitilarsa, ruwan yana tasowa a hankali, ya kai masa idon sawu.